Taron Ranar Salla da Shirun Ranar Talata



Washegarin ƙaramar salla na kai yarana wani wurin wasa a garinmu, irin wanda ake zuba lilo da dawakai masu zagaye da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa. Sai da muka yi kusan awa guda a layin tikiti. Mai karɓar kuɗi ya cika durowa har ya koma cusa kuɗin cikin leda a ƙarƙashin tebur. Wani dattijo da ke bayana, riƙe da jikoki biyu, ya dube ni ya ce, "Malam, ai mai wurin nan shi da talauci sai dai a labari." Na gyaɗa kai, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Bayan mako uku, ranar wata Talata da hantsi, hanya ta bi da ni ta wurin, sai na leƙa. Ƙofa a buɗe, ba kowa. Janareta a kashe. An lulluɓe dawakan da tamfol, ma'aikata huɗu na zaune a gindin dalbejiya, ɗaya yana ɓare gyaɗa. Ɗan jirgin kuwa an cire masa ƙafa guda, an ɗora shi a kan bulo. Na tambayi wani matashi a cikinsu, ya ce, "Yallaɓai, tun kwana huɗu da salla ya tsaya, safaya muke jira." Albashinsu yana tafiya, kuɗin haya yana tafiya, mai gadi zai karɓi nasa ƙarshen wata, kuma har na bar wurin ko yaro ɗaya bai shigo ba.

Dattijon nan ranar salla ya gani. Mai wurin kuwa da ranar Talata yake rayuwa, kuma Talatocin sun fi sallolin yawa nesa ba kusa ba. Yadda za a sa kuɗin kwana biyar ya ɗauki nauyin shekara, ko a ƙirƙiro dalilin da zai fito da mutum daga gida ranar da ba biki, ilimi ne mai zaman kansa, har digiri ake yi a kai. A kansa nake son mu tattauna yau, kuma zan ɗauko misali daga kamfanin da ya fi kowa suna a wannan sana'a, wato Disney, domin shi ma sai da ya sha wuya kafin ya iya, kuma bayan ya iya ɗin ya sake tuntuɓe.

Lokacin da Walt Disney ya ƙudurta gina wurin shaƙatawa a Kalifoniya, kafin a haƙa rami ɗaya sai da ya nemi mai lissafi. A 1953 ya ɗauko wani masani mai suna Harrison Price daga cibiyar bincike ta Stanford, ya ce masa ya gano inda ya dace. Price ya duba ta ina birnin Los Angeles ke faɗaɗa, ta ina sabuwar babbar hanya za ta bi, yaya yanayin zafi da ruwan sama, nawa kuɗin fili, sannan ya nuna wasu gonakin lemo, eka 160, a garin Anaheim. Batun kuɗi ma haka. Bankuna sun yi ɗari-ɗari, Walt ya ci bashi da takardar inshorar rayuwarsa, sannan ya ƙulla da gidan talabijin na ABC. Su suka zuba dala 500,000, suka tsaya masa aka ba shi rancen da ya kai dala miliyan 4.5, suka karɓi kusan kashi ɗaya bisa uku na wurin, shi kuma yana ba su shiri kowane mako. Shirin nan ya zama tallar wurin tun ana gini. Aikin ya ci dala miliyan 17.

To duk da wannan tanadi, ranar buɗe Disneyland, 17 ga Yuli 1955, abin bai yi kyau ba. Kimanin mutum 28,000 suka cika wurin, kusan rabinsu ba da gayyata ta gaskiya ba, wasu da tikitin jabu, wasu ta katanga. Ana zafi mai tsanani. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki gab da buɗewa, dole aka zaɓi a gama banɗakuna aka bar famfunan shan ruwa a bushe. Kwaltar da aka zuba ba ta gama ƙamewa ba, takalman mata masu tsini suna nutsewa a ciki. Abinci ya ƙare. Jaridu suka yi musu ca. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka riƙa kiran ranar da Baƙar Lahadi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da suka yi da wannan kunya. Wani mutum mai suna Van France, shi da wani matashi Dick Nunis, su suka tsara horon ma'aikata tun daga farko, kuma a 1962 horon ya zama makaranta ta cikin gida da suka kira Jami'ar Disneyland. Mai shara da mai sayar da gugguru da manaja duk ta nan suke bi. Aka jera musu abubuwa huɗu bisa tsarin fifiko: lafiyar mutane a gaba, sai ladabi, sai kyan abin da baƙo zai gani, sannan saurin aiki. Wato in saurin aiki ya ci karo da lafiyar yaro, ma'aikaci ba ya buƙatar ya je neman manaja, ya riga ya san wanda zai bari. Wanda ya shigo ma ba a ce masa mai saye, baƙo ake ce masa. Mu Hausawa mun san nauyin wannan kalma.

Wani darasin kuma ciwo ya yi wa Walt har ƙarshen rayuwarsa. Da wurin ya karɓu, sai ƙananan otal-otal da gidajen abinci suka kewaye shi. Shi ya tara jama'a, wasu ke karɓar kuɗin kwana. Shi ya sa da za su tafi jihar Fulorida suka sayi fili a asirce, da sunayen ƙananan kamfanoni don kada farashi ya tashi, sama da eka 27,000 a kan kimanin dala miliyan 5. Walt ya rasu a Disambar 1966, wansa Roy ya buɗe wurin ranar 1 ga Oktoba 1971. Sai kuma Japan. Wurin Tokiyo da aka buɗe a 1983 mallakar wani kamfanin ƙasar ne, Oriental Land, Disney la'ada kawai yake karɓa. Wurin ya yi kasuwa ƙwarai, Disney yana kallo riba mafi tsoka tana shiga aljihun wani.

Ku riƙe waɗannan ciwuka biyu a ranku, na otal da na mallaka, don su ne suka bi kamfanin har Faransa.

A watan Maris 1987 shugaban Disney Michael Eisner ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Faransa, lokacin Jacques Chirac na firaminista. Aka zaɓi wani yanki na gonaki, kilomita 32 gabas da birnin Faris. Wannan karo Disney ya riƙe kashi 49 cikin 100 na hannun jari, ban da la'adar da zai riƙa cira daga kuɗin shiga da na abinci da na tsaraba. Kuma don kada wani ya sake cin kuɗin kwana, aka gina otal-otal masu ɗaki sama da 5,000 tun ranar farko. Aikin ya ci kimanin dala biliyan 4, mafi yawansa bashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Suna gudun kuskuren Anaheim da na Tokiyo, ba su lura da ramin da ke gabansu ba.

An buɗe Euro Disney ranar 12 ga Afrilu 1992. Kuma jama'a, mutane sun zo. A shekarar farko kimanin mutum miliyan 10 suka shiga, adadin da ya zarce na masu hawa hasumiyar Eiffel. Da dattijon nan na layin tikiti ya tsaya a ƙofar, da ya rantse an gama da talauci. Amma a shekarar kuɗi da ta ƙare a Satumbar 1993 kamfanin ya bayyana asarar faran biliyan 5.3, wajen dala miliyan 900.

Ina kuɗin ya tafi? Na farko, otal. Ba'amurke in ya je Fulorida yakan kwashi iyali su yi kwanaki, don wurin ya yi nisa da gida kuma wuraren wasan suna da yawa. A Faransa wuri ɗaya ne, ana iya gama shi a yini ɗaya ko biyu, ga jirgin ƙasa da zai mayar da mutum tsakiyar Faris cikin minti arba'in. Me zai sa ya kwana a otal mai tsada a bayan gari? Da hunturun farko ya shigo sai da aka rufe ɗaya daga cikin manyan otal ɗin, Newport Bay Club, don ba masu kwana. Na biyu, waɗanda suka shigo ba su kashe kuɗi a ciki yadda aka ƙiyasta ba. Turai na cikin matsin tattalin arziki, kuma a Satumbar 1992 darajar fam na Ingila da lira ta Italiya ta faɗi, zuwa Faransa ya yi wa mutanen ƙasashen tsada. Na uku, an yi lissafin za a gina ofisoshi da gidaje a kewaye a sayar a rage bashi, sai kasuwar filaye ta mutu. Bashi kuwa bai san hunturu ba, ruwansa yana hawa dare da rana.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda ni a ganina su suka fi koyarwa. An gaya wa masu tsarin cewa Turawan nahiyar ba su damu da karin kumallo mai nauyi ba, sai aka yi ɗakunan cin abinci ƙanana. Da safe sai ga layi har waje. An saba a Amurka mutane su ci abincin rana a warwatse, wani yana tafiya yana ci. A nan kuwa kowa yana son ya zauna a tebur da misalin sha biyu da rabi, a lokaci guda. An hana sayar da giyar inabi a ƙasar da al'adarta ce a sha ta da abinci, sai a 1993 aka janye hanin. Ba giyar nake kare wa ba, jama'a, kun san matsayinmu a kanta. Abin lura shi ne kamfani ya shiga garin mutane da ɗabi'ar garinsu a ka, bai zauna ya kalli yadda masu garin ke yini ba. A wajenmu da wani zai gina irin wannan wuri ya manta da masallaci da wurin alwala, ko inuwar da uwa za ta zauna ta shayar da jariri, ko ya tsara lokutan aiki bai sa azumi a lissafi ba, kuskure iri ɗaya ya yi.

A 1994 aka zauna da bankuna wajen sittin. Suka yafe kuɗin ruwa na wata 18, suka ɗage biyan uwar kuɗi, Disney ya haƙura da la'adarsa ta shekara biyar, aka sayar da sabon hannun jari, Yarima Alwalid bin Talal na Saudiyya ya sayi kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Tun kafin nan an sauya shugaba, an ɗora Bafaranshe, Philippe Bourguignon. Aka rage kuɗin shiga, aka sauya suna zuwa Disneyland Paris, kuma a 1995 aka ga riba ta farko. Duk da haka bashin ya ci gaba da bin wurin shekara da shekaru, har a 2017 uwar kamfanin, wato Disney, ta saye kusan dukkan hannun jarin ta fitar da shi daga kasuwar hannun jari.

Wannan labari yana cikin waɗanda ake ba ɗalibai a makarantun kasuwanci su warware. To me ɗalibin wannan fanni yake koya a zahiri?

Yana koyon lissafin layi. Bari in ba ku misali da kaina. A ce lilo yana ɗaukar mutum 20, kuma daga hawa zuwa sauka zuwa hawan wasu yana cin minti 5. A awa guda zagaye 12 ke nan, mutum 240. In aka sa ma'aikaci ɗaya ya jera mutane ashirin-ashirin tun kafin lilon ya tsaya, aka raba ƙofar shiga da ta fita, har aka rage minti ɗaya, zagaye ya koma 15, mutum 300. An samu ƙarin mutum 60 a kowace awa ba tare da an sayi sabon inji ba. Kuma mutumin da ke tsaye a layi ba ya sayen komai. Da ya fita da wuri, da yanzu yana wajen mai tsire ko mai askirim. Saboda haka ne manajan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan mutum nawa suka shigo, yana son ya san nawa kowane mutum ɗaya ya kashe daga shigarsa zuwa fitarsa. Shi ya sa Disney ya yi ta juya tsarin tikiti. Da farko dala ɗaya ce shiga, kowane abin hawa da kuɗinsa. A 1982 aka koma tikiti ɗaya na komai. A 1999 aka kawo tsarin kama layi ba tare da tsayuwa ba, a 2016 kuma aka fara bambanta farashi, ranar cunkoso da tsada, ranar shiru da sauƙi, don a janyo mutane zuwa Talata.

Yana koyon cewa ɗakin otal ya fi tumatir saurin lalacewa. Tumatir in ya yi kwantai sai a yanka a shanya ya zama kauɗa, a sayar da rani. Ɗakin da ya kwana ba kowa a daren jiya ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Haka kujerar lilon da ta zagaya ba kowa. Otal mai ɗaki 100 da ke cajin naira 50,000 amma ɗaki 30 kawai ake kamawa ya tashi da naira miliyan 1.5 a dare. Wanda ya sauko zuwa 35,000 ya cika ɗaki 60 ya tashi da miliyan 2.1, ga kuma mutum sittin da za su ci abinci a gidan. Amma in ya sauko da yawa, kuɗin wanki da wuta da sabulu za su cinye ribar. Nemo wannan tsakiyar, dare bayan dare, shi ne aikin.

Sai wanda ya fi nauyi, wato lafiyar mutane. Ranar 2 ga Yuni 2015, a wurin shaƙatawa na Alton Towers a Ingila, wani jirgin wasa mai gudu ɗauke da mutum 16 ya afka wa wani da ya tsaya ba kowa a kan layi. Na'ura ta gano akwai matsala ta tsayar da shi, amma ma'aikata suka ɗauka kuskuren na'ura ne, suka sake ta da hannu. 'Yan mata biyu sai da aka yanke musu ƙafa. Kotu ta ci kamfanin Merlin, mai wurin, tarar fam miliyan 5 a 2016, kuma ta ɗora laifin a kan tsarin aiki da horon da kamfanin ya kasa samarwa. Ina son duk mai niyyar shiga wannan sana'a ya riƙe wannan a zuciyarsa. 'Ya'yan mutane ake ɗorawa a kan ƙarfe a ɗaga su sama. Kanikan da ke zagayawa da asuba yana taɓa kowane noti, yana sa giris, yana rubutawa a littafi ya sa hannu, shi ne mutum mafi muhimmanci a wurin, kuma kuɗin gyara shi ne abin da ba a taɓawa ko da kasuwa ta yi sanyi. Abin baƙin ciki, shi aka fi saurin taɓawa, don ba wanda ke ganin notin da ba a ɗaure ba sai ranar da ya kwance.

Makarantun da ke koyar da wannan fanni suna nan. A Lozan ta ƙasar Suwizalan akwai makarantar koyon aikin otal tun 1893, Jami'ar Cornell a Amurka ta buɗe nata sashen a 1922. A birnin Orlando, inda wuraren shaƙatawa suka yi dandazo, Kwalejin Rosen ta Jami'ar Tsakiyar Fulorida tana koyar da gudanar da wuraren wasa musamman, ɗalibi ya fito aji ya sa rigar aiki ya tafi tsaron layi. A nahiyarmu akwai Kwalejin Utalii a Nairobi tun 1975, wadda ke da otal nata na kanta inda ɗalibai ke gyara gado da ɗaukar faranti. A gida kuma akwai cibiyar NIHOTOUR, da sassan koyon aikin otal da yawon buɗe ido a kwalejojin kimiyya da fasaha. Abin da ya haɗa nagartattun cikinsu shi ne ba sa yarda ɗalibi ya tsaya a allo. Wanda bai taɓa tsayawa awa shida a rana yana ɗaura wa yara bel ba, bai san dalilin da ma'aikaci ke yin sakaci da la'asar ba, saboda haka ba zai iya tsara canjin aiki ba.

Ina faɗin wannan da damuwa, domin muna da wurare. Muna da Yankari da ruwan ɗumin Wikki da ba ya sauya zafinsa rani da damina. Marigayi Audu Bako ya gina otal a bakin tafkin Bagauda, wanda yau harabar makarantar horar da lauyoyi ce. Gini ba ya gagarar mu. Abin da ke ƙaranci shi ne mutanen da za a miƙa wa makulli bayan an yanke ƙyalle, waɗanda suka san nawa za a ware don gyara kafin a taɓa riba, suka san yadda za a je a yi magana da shugabannin makarantu a kawo ɗalibai ranar Talata da rangwame, a ba da filin haya don walima da taron suna, a yi wa iyalai tikitin shekara. Iyaye da yawa in yaro ya ce zai karanta aikin otal sai ransu ya ɓaci, suna ganin aikin boyi ne. Ina roƙonsu su sake dubawa. Aiki ne na lissafi da amana da sanin halin mutane, kuma karɓar baƙo ba sabon abu ba ne a gidajenmu. Fatoman Kano da suka sauki fataken goro da na gishiri, suka ajiye musu kaya, suka nemo musu masu saye, suka cire la'adarsu, wannan sana'ar suka yi da kayan zamaninsu.

Kafin in bar wurin nan ranar Talatar, na ɗan zauna da matashin da ya ba ni labarin safaya. Na tambaye shi ko akwai mai rubuta yawan mutanen da suka shigo kowace rana, da awar da aka fi cika, da abin hawan da yara suka fi so. Ya ce, "A'a yallaɓai, kuɗi dai ake ƙirgawa da yamma." Ya ce shi ya lura tun daga ƙarfe huɗu ake cika, kuma dawakan sun fi lilo kasuwa wajen ƙananan yara, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Yana da takardar sakandare, yana tara kuɗin fom. Na ce masa ya sayi littafin rubutu, ya raba shafi gida uku, rana da awa da adadi, ya kuma ware shafukan baya ya riƙa rubuta duk abin da ya lalace da ranar da aka gyara shi. Ya ƙirga da yatsunsa ya ce saura mako bakwai babbar salla, zai fara daga gobe Laraba.